Yaro Ɗaya, Ƙofofi Biyar: Yadda Za Mu Haɗa Aiki Idan An Ci Zarafin Yaro a Damagaram

Yarinyar da ta sa nake wannan rubutu shekararta 11, tallar gyaɗa take yi a bakin tasha. Ranar da aka ci zarafinta ta faɗa wa uwarta. Uwar ta kai ta wurin mai unguwa, ta sake faɗa. Ta maimaita a komisariya, ta maimaita a asibiti gaban ma'aikata biyu. Washegari aka kawo ta wurinmu, muka ce ta ɗauko mana daga farko. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ba abin da ya faru." Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Takardar likita kuwa ta yi kwana huɗu a aljihun kawunta, shi yana jiran a kira shi, masu bincike suna jiran a kawo musu. Kowane ofishi ya yi abin da ya rataya a wuyansa, ni ma na cika takarduna tsaf. A kan hanya muka yar da ita, tsakanin wannan ƙofa da waccan.

Abin da zan shimfiɗa a nan na ma'aikatan jin daɗin jama'a ne, da malaman asibiti, da ƴan sanda da jandarmomi, da daraktocin lakwal, da masu unguwanni da ƴan kwamitin kare yara. Buri uku ne: yaro ya ba da labarinsa sau ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe zaren maganar har ƙarshe, kowa kuma ya ji daidai abin da aikinsa ke bukata.

Tun kafin a buga maka ƙofa, ka san wa ke riƙe da me

Hukumomin suna nan, ba rasa su muka yi ba. Akwai ofishin jiha mai kula da kare yara, da cibiyoyin kare yara na CEPPP waɗanda tsofaffin ma'aikata har yanzu ke kira SEJUP. Ƴan sanda na da sashen kare yara da mata, ƙauyuka kuma na hannun jandarma. Ta fannin lafiya akwai ƙananan asibitocin CSI a unguwanni, da cibiyar lafiyar uwa da yaro, da babban asibitin ƙasa na Zinder. A kotu akwai mai shigar da ƙara, akwai kuma alƙalin yara. A shekarar 2019 gwamnati ta fitar da dokar kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har ƙauye da unguwa.

Alƙalin yara ya cancanci a tsaya a kansa, don mutane da yawa sun ɗauka aikinsa hukunta yaran da suka yi sata ne kawai. Doka mai lamba 2014-72 ta ranar 20 ga Nuwamba 2014 ta ɗora masa nauyi biyu: yaron da ya aikata laifi, da yaron da ke cikin haɗari. Idan aka kai matsayin da dole a cire yaro daga gidan da ake cutar da shi a damƙa shi ga wani amintacce ko wata cibiya, ikon kotu ne. Ma'aikacin jin daɗin jama'a ba ya yanke wannan shi kaɗai, mai unguwa ma haka, komai kyakkyawar niyyarsu.

Matakin farko sai ka ɗauki takarda guda ka rubuta sunan mutum da lambar wayarsa a kowace hukuma. Sunan mutum nake nufi, wanda idan ka kira da ƙarfe sha ɗaya na dare zai gane muryarka. Ka rubuta na biyu a gefensa, saboda ranar da na farko ya yi tafiya. Ka ɗauki ƙafa ka je ka gaishe su tun ba abin da ya faru. Duk wata uku ka sake bin lambobin, domin sauyin wurin aiki ba ya ƙarewa: jandarman da ka sani a Mirya bana, baɗi kana iya jin yana Gure. A wannan ziyarar ce kuma za ku daidaita maganar kuɗi, wa ke biyan kabu-kabu, wa ke ɗaukar nauyin magani da takardar likita idan iyaye ba su da hali. Na ga dosiye ya mutu a kan kuɗin mota.

Awa ta farko

Yaro ba ya zaɓen hukuma. Wanda ya yarda da shi yake faɗa wa: malamar ajinsu, ungozoma, matar maƙwabci, wani lokaci mai sayar da koko. Idan kai ne, ka zauna ka saurara. Kada ka yi masa tambayoyin ƴan sanda, kada ka sa masa magana a baki da irin "Wane ne ya yi maka, ko?" Ka bar shi ya faɗa da kalmominsa, ka rubuta su kamar yadda suka fito. Idan da Hausa ya faɗa, ko Barbarci ko Fillanci, a rubuta da harshen, fassarar Faransanci ta biyo baya a ƙasa. Kalmar da yaro ya kira abu da ita shaida ce, kuma fassara tana goge ta.

Kada ka yi alƙawarin da ba za ka cika ba. Zai ce maka, "Don Allah kada ka faɗa wa kowa." Ka amsa masa da gaskiya: "Ba zan faɗa wa mutanen unguwa ba. Amma akwai likita da wata Hajiya da aikinsu ke nan, su zan faɗa wa don su taimake ka, kuma ina tare da kai."

Daga nan tambaya biyu ce. Jikinsa na bukatar magani yanzu? A ina zai kwana yau, kuma wanda ya cuce shi yana iya kai wa gare shi?

Idan fyaɗe ne, asibiti ke gaba da komai, mace ko namiji. Maganin kare kamuwa da ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa iyakarsa awa 120, wato kwana biyar. Akwai kuma allurar tetanos da maganin cututtukan sanyi. Waɗannan awoyi ba sa jiran a gama shawarar dangi. In da hali kada a yi wa yaron wanka tukuna, tufafin da ke jikinsa a naɗe su cikin takarda, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. In kuma an riga an yi wanka, ko kwanaki sun shuɗe, a kai shi duk da haka.

A nan ne ake yawan samun tsaiko tsakanin asibiti da komisariya. Ƴan sanda ko jandarma suna rubuta wa likita rekizisiyo, takardar neman ya duba yaro ya rubuta abin da ya gani. Sai ka ga an maido iyaye daga asibiti an ce su je su kawo ta tukuna, su kuma suna tsoron komisariya, sai su wuce gida. Ku zauna ku daidaita tun da wuri: a fara magani, a buga waya, rekizisiyo ta iske yaron a asibiti.

Mutum ɗaya ya riƙe zaren

A ranar farko a fitar da mai riƙe da dosiye. Galibi ma'aikacin jin daɗin jama'a na CEPPP ne ya fi dacewa, don shi ne aikinsa ke bin yaro daga asibiti zuwa kotu zuwa gida. A faɗi sunansa ga iyaye da kowace hukuma. Shi ba shugaban kowa ba ne, ba ya ba ɗan sanda umarni, ba ya koya wa likita aikinsa. Abin da ke kansa shi ne ya san inda aka kwana a kowane ɓangare, ya zama wanda uwar yaro za ta kira.

Cikakkiyar tambaya kuwa a bar wa wanda aka horar a sashen kare yara, a ɗaki mai sirri, tare da babban da yaron ya aminta da shi. Sauran mu mu ɗauki abin da muke bukata daga wurin abokan aiki. Alƙali na iya son jin yaro da kunnensa, wannan haƙƙin kotu ne. Abin da nake ƙi shi ne maimaici biyar kafin a kai gaban alƙalin.

Wa zai ji me

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan zan daɗe. Kurakurai biyu muke yi. Wani ya ƙulle bayani a durowa ya ce sirrin aiki ne, har abokin aikinsa ya mai da yaro hannun wanda ya cuce shi don bai sani ba. Wani kuma ya buɗe baki a fada da majalisa, kafin la'asar labari ya tashi daga Birni ya kai Zango. Magana zarar bunu ce. Yarinyar da sunanta ya fita a gari, shekara goma nan gaba ranar da aka zo neman aurenta za a tono shi.

Kafin ka faɗa wa wani komai, ka tambayi kanka abin da zai yi da bayanin. In ba abin da zai yi, ba ya bukatarsa, komai girman kujerarsa.

Likita na bukatar sanin abin da ya faru da jikin yaro da lokacin da ya faru. Mai bincike na bukatar wuri, lokaci, wanda ake zargi, shaidu, da takardar likita. Takardar nan ta tafi cikin ambulan a rufe, hannu da hannu, zuwa ga hukumar da ta nema, wanda ya karɓa ya sa hannu a rajista. Kada a ba ɗan rakiya ya sa a aljihu. Alƙalin yara na bukatar rahoton halin gida: wa ke ciyar da yaron, wa ke kwana a gidan, akwai gwaggo ko kaka da za ta iya riƙe shi. Daraktan lakwal abin da ya kamata ya sani kaɗan ne, cewa yaron zai yi fashin kwanaki da dalili mai ƙarfi, a ajiye masa gurbinsa, kuma wane ne kaɗai aka yarda ya zo ɗaukarsa. Sai fa in abin a lakwal ya faru, to nan akwai sauran yara da za a kare, kuma dole hukumar ilimi ta sani. Mai unguwa ya san cewa gidan wane na bukatar kariya daga matsin lamba. Sakamakon gwajin jini kuwa tsakanin likita ne da yaro da mai kula da shi.

Ka nemi yardar iyaye kafin ka tura bayani, ka bayyana musu wa za ka faɗa wa da dalili. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi, a ji abin da yake tsoro. Amma yarda tana da iyaka. Idan rayuwar yaro ko lafiyarsa na cikin haɗari, ko wanda ake zargi shi ne uban ko mai riƙonsa, ko akwai wasu yaran a hannunsa, za ka sanar da hukuma ko iyaye sun ƙi. Kuma idan wanda ake zargi a cikin gidan yake, kada ya zama shi ne farkon jin cewa yaro ya yi magana. Wannan kuskure yana jawo wa yaro dukan da ya fi na farko.

Sai maganar waya. Kusan kowane rukunin ma'aikata yanzu na da zauren WhatsApp, kuma yana da amfani wajen kiran gaggawa. Iyakar abin da zai shiga ciki shi ne, "Akwai dosiye mai lamba kaza, Hajiya ki kira ni." Ban da suna, ban da unguwa, ban da hoto. Hoton raunin yaro a wayar ma'aikaci, wayar da ƴaƴansa ke wasa da ita da dare, abu ne da bai kamata ya faru ba sam. Kowane dosiye a ba shi lamba, sunan yaro ya zauna a rajista ɗaya cikin kabad mai makulli, kwamfuta kuma a sa mata kalmar sirri. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, saboda haka wannan ya wuce kirki kawai, wajibi ne. Ɗan jarida ko mai shafin Facebook da ya zo neman labari, a tura shi wurin shugaban hukuma, kuma ko shi ba zai ba da abin da za a gane yaron da shi ba.

Turawa da dawowar amsa

"Ku je asibiti" ba turawa ba ce. Ka fara kiran wanda za a je wurinsa, ka tabbata yana nan. Ka cika takardar turawa: lambar dosiye, shekarun yaro, abin da aka riga aka yi, abin da kake nema a yi, sunanka da lambarka, rana da awa. A samu mai rakiya, don matar da ta taso daga ƙauyen Takeita ba ta san ƙofar da za ta shiga a babban asibiti ba, kuma kunya na iya mai da ita gida daga bakin get.

Ƙasan takardar a bar wani yanki da wanda ya karɓa zai cika ya maido: ya iso ranar kaza, an yi masa kaza, saura kaza. In kwana biyu suka wuce ba ka ga yankin nan ba, kai za ka kira. Da wannan ɗan yankin takarda na nan, da takardar likitan yarinyar can ba ta kwana huɗu a aljihu ba.

Zaman dosiye

Dosiye mai nauyi a zauna a kansa cikin makon farko, sauran kuma a haɗa su a zaman wata-wata. Waɗanda ke da hannu a aikin ne kaɗai za su shiga, a rufe ƙofa, a kira yaro da lambarsa. Ba sai an kama zaure ko an jira kuɗin zama ba, rabin awa a ofishin ɗayanku ya isa. A fito da amsar abu uku: yaron na cikin aminci yau, me shi da mai kula da shi suke so, wa zai yi me kafin wace rana. Mai riƙe da dosiye ya rubuta, zama na gaba da wannan takarda za a buɗe.

Saɓani zai zo. Mai bincike na son ya yi sauri kafin wanda ake zargi ya tsere, likita na cewa yaron bai iya magana ba tukuna. A faɗe shi a zaman, a nemi abin da ya fi wa yaron. In an kasa, a kai wa mai shigar da ƙara ko alƙalin yara.

Idan aka ce a rufa asiri

Kafin ku gama duk wannan, dattawa sun riga sun isa gidan. "Gida ɗaya ne, a rufa wa juna asiri." Wani lokaci da kuɗi a hannu, wani lokaci da tayin a ɗaura wa yarinyar aure da wanda ya cuce ta. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, ni ma da shi aka raine ni. Sai dai a duba asirin wa ake rufawa. Na yaron, mu ne farkon masu rufa shi. Na wanda ya yi ɓarnar kuwa, rufa shi buɗe masa hanya ne zuwa ga yaro na gaba.

Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a al'amuran al'ada da na zamantakewa, irin su gona da gado da rikicin aure. Fyaɗe babban laifi ne, hurumin kotu, kuma hukuncinsa ya fi tsanani idan yaron bai kai shekara 13 ba. Amma kada ka tsallake mai unguwa, don in ka tsallake shi ka rasa wanda ya fi ka iko a kan bakin mutane. Ka je ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, maganar ta fi ƙarfin sulhu, tana hannun hukuma. Abin da muke roƙo shi ne ka tsaya wa gidan nan, kada a tsangwame su, kada a matsa musu su janye." Liman ma haka. Da yawansu in aka ba su wannan matsayi suna riƙe shi da gaske.

Wannan bai tsaya ga ƴan mata ba. Almajirin da aka ɗaure da mari har ƙafarsa ta ruɓe, ɗan riƙon da aka ƙona wa hannu don ya ɗauki dala biyar, duk hanya ɗaya za a bi da su.

Yaron da ya ƙetare iyaka

Jiharmu hanya ce. Yara na fita ta Magarya da Matamaye da Dungas zuwa Najeriya, wasu na bin iyaye ko masu ɗaukarsu zuwa bara a Aljeriya. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara, akasarinsu mutanen yankin Kance. Idan ka ga alamar safara, wato an ɗauki yaro an kai shi wani wuri ana ci da guminsa, akwai dokar 2010 ta yaƙi da safarar mutane, da hukumar ANLTP mai wannan aiki, kuma a nan Zinder aka buɗe cibiyar farko ta karɓar waɗanda aka yi safararsu a 2019. A sa su cikin maganar tun farko.

Yaron da za a mayar garinsu, dosiyensa ya riga shi isa. Ka kira takwaranka na can, ya je ya ga gidan, ya tabbatar ba wanda ya tura yaron ne zai karɓe shi ya sake turawa ba. Sai ya ce maka ya karɓa, sannan nauyin ya sauka daga kanka.

Bibiya da rufe dosiye

Shari'a na ɗaukar watanni, iyaye kuma na gajiya. Mai riƙe da dosiye ya riƙa sanar da su inda aka tsaya, ko da amsar ita ce ba a sa rana ba tukuna. In za a saki wanda ake zargi, gidan yaron su ji daga bakinku kafin su gan shi a bakin masallaci. A tabbata yaron ya shanye maganinsa, na kare ƙanjamau kwana 28 ne cur, kuma ya koma gwaji a ranar da likita ya sa. A leƙa lakwal a ga ko ya koma aji. Dokar watan Disamba na 2017 kan karewa da tallafa wa yarinya mai karatu tana bayanka idan wani ya so hana ta komawa.

Idan abokin aiki ya yi shiru, ka kira, ka je da ƙafarka, in ya ci tura ka rubuta wa shugabansa cikin ladabi, da lambar dosiye da ranakun da ka nema.

Ba a rufe dosiye don an gaji da shi. Ana rufewa idan yaron na zaune inda ba mai taɓa shi, magani ya kammala, ya koma karatu ko sana'a, kuma an ziyarce shi a gida fiye da sau ɗaya an gani da ido. Ranar rufewa a sanar da duk hukumomin da suka sa hannu, a rubuta dalili da kwanan wata. Sannan a zauna da yaron da mai kula da shi a faɗa musu, a rubuta musu lambar waya biyu a takarda, ta mai riƙe da dosiye da ta wanda zai amsa in shi ba ya nan.